Littafin da Ke Cikin Waya: Don Wa Aka Rubuta Shi?

Lacca da aka gabatar a birnin Sakkwato gaban malamai, marubuta da ɗalibai

 



An ce in yi magana a kan littattafan hikaya na matasa waɗanda ake fitarwa ta waya da kwamfuta, ba a takarda ba. Kafin in shiga, bari in sauke wani laifi da ake yawan ɗora wa yaran yanzu, wai ba sa karatu. Duk mai faɗin haka bai taɓa karɓar wayar 'yarsa ya duba ba. Yarinyar da ke aji biyar na sakandare a Mabera ko Runjin Sambo tana iya cinye dogon labari cikin kwana uku, a wayar mahaifiyarta, bayan isha'i, ta rage hasken wayar don kada a gane. Karatu kam ana yi, wataƙila ma fiye da wanda muka yi a zamaninmu. Abin tambaya shi ne me ake karantawa, wa ya rubuta, kuma don wa aka rubuta. Amsar ta ƙarshen ce ta kawo ni nan, zan kuma faɗe ta tun yanzu don kada in ja ku da nisa: mafi yawan abin da matasanmu ke karantawa a waya ba don su aka rubuta shi ba.

Abin mamaki shi ne da yara aka faro. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara ta Zariya, ya shirya gasar rubuta hikaya domin waɗanda suka koyi boko su sami abin karantawa da harshensu. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Magana Jari Ce da ya biyo baya kuwa dama don 'yan makaranta aka tsara shi. Ke nan kakannin hikayarmu sun san wanda suke yi wa magana: yaro ne a kan benci. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, hikayar Hausa ta farko da mace ta wallafa, daga nan soyayya ta sami gindin zama.

Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, akasari a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, su Bilkisu Funtuwa suka cika kasuwa. Littattafan suka iso nan Sakkwato a cikin kwali, aka riƙa ba da su haya, 'yan mata na cusa su a tsakiyar littafin lissafi. Kuma kada mu manta, sunan nan da ya bi su har yau, adabin kasuwar Kano, Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa shi, a lokacin kuwa yana koyarwa a nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. An sha muhawara a jaridu tsakaninsa da su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a kan ko wannan adabi ne ko tarkace. Don haka Sakkwato ba baƙuwa ba ce a wannan rigima, tun farko da bakinmu a ciki.

Akwai darasi ɗaya daga wancan zamani da nake so mu riƙe. A 2007 gwamnatin Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta tara littattafan da aka ƙwace daga makarantun 'yan mata ta cinna musu wuta a bainar jama'a. Hukumar tace fina-finai ta jihar ta kuma matsa wa marubuta su yi rajista. Niyyar ta kare tarbiyya ce, ban musa ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Wayar salula ta riga ta shigo Najeriya tun 2001. Cikin 'yan shekaru takarda ta yi tsada, fim ya janye wasu marubutan, sannan Facebook da WhatsApp suka zo suka kwashe sauran. Littafin da a da malamar makaranta za ta iya lalubowa a ƙarƙashin katifa, yanzu ya koma wurin da ba ashanar da za ta kai gare shi.

To yaya abin yake tafiya a yau? Bari in yi bayani dalla-dalla saboda iyayenmu da ke nan, ɗalibai kuwa ku yi haƙuri, na san kun fi ni sani. Marubuciya, don mata suka fi yawa nesa ba kusa ba, takan buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram. Da babban yatsa take buga labarin a wayarta, shafi ɗaya ko biyu a rana, ta tura da dare. Shafukan farko kyauta ne. Sai labari ya kai inda numfashi ke tsayawa, an ɗaura auren ko an sace amaryar, sannan sanarwa ta fito cewa na kyauta ya ƙare. Mai son ci gaba ta tura ɗari biyar ko dubu ta asusun banki, ta aiko da shaidar biya, a saka ta a zauren waɗanda suka biya. Masu karatu daga Nijar, na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, a ba su tasu hanyar biyan dabam. A saman shafi za ka ga sunan alƙalami da sunan ƙungiyar marubutan da take ciki, da gaisuwa ga masoya. A ƙasa kuma sai gargaɗi: duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ko ta fitar da littafin waje, ba a yafe ba, an bar ta da Allah. Duk da haka kafin asuba wata ta kwafe ta watsa. Wasu kuma su haɗa shafukan wuri ɗaya su ɗora a shafukan intanet, wasu su karanta da murya su sa a YouTube, su ci kuɗin talla, marubuciyar ko sisi.

A tsakiyar labarin kuma, daidai inda hankali ya tattaru, sai ka ci karo da talla: atamfa, turaren wuta, da kayan mata, waɗanda sau da yawa ake cewa 'yan Sakkwato ne na asali don su yi daraja. Wannan tallar kaɗai ta isa ta gaya muku wadda marubuciyar ke hange a gabanta. Matar aure take yi wa magana. Amma zauren ba shi da ƙofa, ba shi da mai gadi. Lamba ce kawai, lamba kuwa ba ta faɗin shekarun mai ita.

Ba na cikin masu zagin waɗannan marubuta, kuma zan faɗi dalili. A zamanin takarda marubuciya sai ta tara kuɗin bugu, ta miƙa littafi ga 'yan kasuwa bashi, ta yi ta sintiri ana ba ta kuɗinta a gutsuttsure, wani lokaci ma ya bi ruwa. Yau mace tana ɗakinta a Arkilla, ba ta taka ko zaure ba, tana da masu karatu a Legas da Yamai da Jidda, kuɗinta na shigo mata kai tsaye. Akwai waɗanda suka haɗa kai suna fitar da littattafansu tare, irin su Zafafa Biyar, akwai kuma manhajoji irin su ArewaBooks da aka yi musamman don wannan kasuwa. Wannan sana'a ce, halal ce idan abin da ke ciki halal ne, kuma ta buɗe wa mata bakin da aka daɗe ana rufewa. A cikin waɗannan labarai ne ake maganar fyaɗe, da sakin wulaƙanci, da azabar matar uba, abubuwan da ba a cika hawa mumbari da su ba.

Sai dai tsarin biyan yana da nasa sharri. Wadda ake biya don a ci gaba da karatu dole ta ja labari, dole kowane shafi ya ƙare da ƙugiya. Masu karatu kuma suna nan a zaure suna sharhi nan take, a kashe wance, a mayar da wane, a ƙara zafi. Idan aka ƙara zafin kuɗi suka shigo, gobe za a ƙara fiye da haka. Ta nan batsa ta samu shiga, ba don marubutan sun fi na da lalacewa ba, sai don babu kowa tsakanin yatsan mai rubutu da idon mai karatu. A da ko ba komai akwai mai buga rubutu, akwai mai ɗab'i, akwai ɗan kasuwa da zai ji kunyar ajiye wani abin a teburinsa. Yanzu duk sun fita daga layi.

Ko an cire batsa ma, ku dubi duniyar da ake nuna wa 'yar shekara goma sha biyar. Namijin labari attajiri ne matashi, ko soja, ko likita, ko ɗan sarki, miskili marar fara'a, mai wulaƙanta mutane. Yarinyar talaka ce kyakkyawa daga ƙauye. Ya ci zarafinta shafi hamsin, ta yi haƙuri, daga baya ya faɗa sonta, a tafi Dubai. Ba laifi ba ne mutum ya yi mafarki. Amma idan wannan ne kaɗai abincin, yarinya za ta tashi da zaton cewa wulaƙanci ƙofar so ne, kuma rayuwa ba ta farawa sai ranar da mai mota ya tsaya a ƙofar gida. Samari kuwa an bar su a baya gaba ɗaya. Yaron da a da zai karanta labarin jarumta da yaƙi, yau da wuya ya sami sabon abu da aka rubuta da shi a zuciya, sai ya koma kallon ƙwallo da gajerun bidiyo.

Ba mu kaɗai waya ta yi wa haka ba. A Japan, a 2007, biyar daga cikin hikayoyi goma da suka fi ciniki an fara rubuta su ne a wayar hannu, akasari 'yan mata ne suka rubuta, manyan masana adabinsu kuma suka yi ta ƙorafi irin namu. Wattpad, wanda marubutanmu da yawa ke amfani da shi, a Kanada aka kafa shi a 2006, kuma a 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a kan kusan dala miliyan 600. Wato abin da muke rainawa wasu sun gane dukiya ce. Bambancinmu da su shi ne sun ware wa matasa nasu rukuni. A Amurka akan kawo littafin The Outsiders na 1967 a matsayin ɗaya daga cikin mafarin wannan rukuni, marubuciyarsa S. E. Hinton kuwa tana makarantar sakandare ta rubuta shi, a kan rigimar samarin garinsu. Ma'anar hikayar matasa ke nan: jarumin labari tsaran mai karatu ne, damuwarsa irin tasa ce. A Wattpad ɗin ma akwai alamar da marubuci zai sa a san labarinsa na manya ne. Mu a zaurukanmu sai dai wata ta rubuta cewa ban da 'yan mata, wanda kowa ya san gayyata ce.

Me za a rubuta wa matashin Sakkwato? Kayan aiki ai sun yi mana yawa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Ina so in karanta labarin yarinyar da iyayenta suka baro Sabon Birni ko Isa suka sauka a kangon wani a bayan gari, ta shiga aji inda kowa ya san 'yar gudun hijira ce. Ina so in karanta labarin almajirin da ya iya gyaran waya, da na yaron da ya faɗi jarrabawar shiga jami'a sau biyu yana jin kunyar zama majalisa, da na wanda abokai suka fara miƙa masa ƙwaya, da na 'yan biyun da suka gano wata tsohuwar takardar ajami a akwatin kakansu a Kanwuri. A sa soyayya ma, wa ya hana? Ɗan shekara goma sha bakwai yana so, ƙarya ne a ce ba ya yi. Amma a rubuta ta yadda take a wannan shekarun, da kunyarta da wautarta, ba a ɗauko ɗakin matar aure a kifa masa a ka ba.

Kada kuma wani ya ji na ce haka ya je ya rubuto wa'azi ya sa masa sunayen mutane. Yara suna jin ƙanshin wa'azi tun daga shafin farko, su rufe. Marubutan waya sun fi mu sanin yadda ake riƙe mai karatu, wannan fasaha ce, sai mu sauke girman kai mu koya a wurinsu.

Sai maganar harshe, wadda na san tana ci wa malaman Hausa tuwo a ƙwarya. Rubutun waya ya zo da nasa ƙa'idoji: q a maimakon ƙ, x a maimakon z, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a raba na haɗewa, jimla ɗaya rabi Hausa rabi Turanci. A da akwai uzuri, don wayoyin ba su da haruffa masu lanƙwasa. Yanzu akwai allon rubutun Hausa a kowace babbar waya, kyauta. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Marubuciya 'yar Sakkwato, ta tashi tana cewa munka zo, sunka tahi, wanga da wagga, amma in ta ɗauki waya sai mutanen labarinta duk su koma Kanawa mazauna Abuja. Mai ba da labari ya bi daidaitacciyar Hausa, wannan daidai ne. Amma tsohuwar da ke cikin labarin, in 'yar Gidan Igwai ce, a bar ta ta yi maganarta. Sakkwatanci ba abin dariyar fim ba ne kawai.

Akwai wata asara kuma da ba a cika lura da ita ba. Littattafan takarda na Kano, duk da rainin da aka yi musu, an tsare su. Graham Furniss na Jami'ar Landan, da Malami Buba wanda ya koyar a nan Sakkwato, da William Burgess sun fitar da kundin sunayen ɗaruruwansu a 2004, na tsakanin 1987 da 2002. Na waya fa? Waya ta faɗa ruwa, littafi ya tafi. An rufe zaure, ya tafi. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. A garin da ke alfahari da rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello, garin da ke da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, bai kamata adabin tsara guda ya ɓace a gaban idonmu ba, ko da muna ganin rabinsa shirme ne. Mai bincike na shekara hamsin masu zuwa zai so ya san abin da 'yan matan yau ke tunani, kuma a can zai same shi, ba a takardun taronmu ba. Game da satar fasaha kuwa, marubuta su sani sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ke intanet, har da neman a sauke aikin da aka ɗora ba da izini ba. Allah ya isa tana da muhallinta, amma doka ma tana nan.

Mu a nan ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, tana kwance a Hubbare kusa da mahaifinta Shehu, ta fuskanci matan karkara da ba za su iya zuwa makaranta ba. Ba ta zauna tana kukan jahilcinsu ba. Ta tsara karatun cikin waƙa da harshen da suke ji, ta naɗa mata jagorori da ake kira jajoji ta ba su malfa, suka riƙa zuwa da mabiyansu 'yan taru suna ɗauka suna kaiwa har cikin gidaje. Ta duba inda masu karatunta suke, ta aika musu can. Namu masu karatun suna cikin waya.

Kuma ana iyawa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, a 2020 'yar jihar nan ce ta lashe ta, Maryam Umar, da labarinta Rai da Cuta a kan annobar korona, tana kuwa da ƙuruciyarta. Irinta nawa ne ke zaune a ɗakin nan, da labari rabi a waya, ba wanda ya taɓa duba musu?

Saboda haka roƙona ga malamanmu na sassan Hausa, na jami'a da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ku buɗe ƙofa ga waɗannan marubuta, ku duba musu rubutu ba tare da kun fara da zagi ba, ku sa ɗalibanku su tattara abin da ake fitarwa a adana. Ƙungiyoyin marubuta, ku amince a kan alamar shekaru a saman kowane littafi, ku raba zauren manya da na yara, ku kuma hukunta naku da kanku kafin hukuma ta zo da nata, don mun ga yadda nata yake ƙarewa. Iyaye, ƙwace waya ba ya magani, ta ƙawa tana nan. Uwa ta tambayi 'yarta me take karantawa, ta karɓa ta karanta shafi goma, su yi hira a kai.

Ku kuma ƙannena, musamman waɗanda ba su kai ashirin ba, littafin da nake ta bayani ku ne za ku rubuta shi, don mu mun manta yadda shekarun nan suke. Ku fara da unguwarku da makarantarku, ku sa haruffa masu lanƙwasa, ku ba wani ya duba kafin ku tura. Wanda ya kammala babi uku ya kawo, ni da abokan aikina za mu karanta.